Takobi da 'yar garkuwa: za a iya koyonsu daga tsofaffin littattafan Turawa?

"Assalamu alaikum yaya. Ni ɗalibi ne a Zariya, kwanaki na ci karo da bidiyon wasu Turawa suna kafsawa, takobi a hannun dama da wata 'yar garkuwa kamar faifai a hagu, aka ce wai daga wani littafi mai shekara 700 suka koya. Abin ya shiga raina har na sauko da hotunan littafin a waya, amma wallahi na kalla na sake kalla ban gane komai ba, mutum biyu ne kawai cikin dogayen riguna sun ɗage a kan yatsun ƙafa. Tunda na ji an ce ka jima a harkar nan, mutum zai iya koya daga littafi shi kaɗai babu malami? Da wanne zan fara, kuma wane kaya nake buƙata?"

Wa alaikumus salam ƙanena. In na fahimce ka da kyau, babban abin da ke damunka shi ne ko takarda zata iya tsaya maka a matsayin malami, sauran tambayoyin na littafi da kaya duk a ƙarƙashin wannan suke. To gaskiyar magana zaka iya yin nisa ba tare da malami ba, mutane da yawa sunyi, waɗanda suka farfaɗo da abin nan ma a shekarun 1990 ai basu da malamin da ya gada daga kakanninsa, daga takarda suka tono shi. Abin da bazaka iya yi babu shi ba shi ne abokin yi, mutum mai rai da zai tsaya a gabanka da sanda a hannu ya matsa maka, kuma shi ne abin da zan fi tsayawa a kai don nan ne mafi yawan masu farawa suke ɓata shekara guda a banza. Ni na fara ne ina karatu a Jamus, a wani ƙaramin kulob da ke karɓar hayar ɗakin motsa jiki na makarantar yara sau biyu a mako, yanzu shekara 9 kenan ina yi, kuma har yau akwai shafukan da in na koma musu sai in ga a da ba haka na fahimce su ba.

Littafin da ke cikin wayarka

Daga yadda ka kwatanta na tabbata littafin da ake kira I.33 ne, wannan lambar ajiyarsa ce a gidan adana makamai na masarautar Ingila da ke garin Lids, sun saye shi a gwanjo a 1950. A Jamus aka rubuta shi a farkon shekarun 1300, kuma shi ne littafin koyar da takobi mafi tsufa da ya rage a Turai. Ganye 32 ne na fata, shafi 64 kenan, yawanci hoto biyu a kowane shafi da ɗan rubutu da Latin a sama, amma sunayen dabarun da yawa da Jamusanci suke, alamar cewa marubucin ya yi karatun coci amma faɗan da yaren gida ya koye shi. Mutum biyun da ka gani ɗaya fada ne, malamin coci, zaka gane shi da askin tsakiyar kai, ɗayan kuma ɗalibinsa, sai a ganyen ƙarshe ne wata mace mai suna Walpurgis ta bayyana tana karawa da fadan. Babu sulke babu kwalkwali a jikinsu, don haka kada ka ɗauke shi littafin yaƙin fagen daga, faɗan mutum biyu ne cikin kayan gida. Ita 'yar garkuwar Turawan Ingila suna ce mata bakla, faɗinta bai cika wuce santimita 30 da ɗan wani abu ba, tana da ƙoƙo a tsakiya inda dunƙulen hannu ke shiga, ba a ɗaura ta a dantse kamar babbar garkuwa, riƙe ta ake yi da hannu ana rataya ta a ƙugu kusa da kube in ana tafiya. Makamin talakan gari ne da ɗalibai da matafiya, har ta kai a wajajen 1285 an hana buɗe makarantun koyar da faɗa da ita a cikin birnin Landan saboda rigimar samari.

Dalilin da yasa ka kalla baka gane ba, ba laifinka bane. Wanda ya rubuta littafin nan bai rubuta shi don baƙo ba, ya rubuta ne don mutanen da sun riga sun san yadda ake riƙe takobi da yadda ake sara da yadda ake taku, kamar dai a ce wani ya rubuta maka dabarun dambe ya tsallake yadda ake ɗaure hannu da yadda ake tsayuwa don yasan duk yaron unguwa ya sani. Babu inda ya zauna ya koyar da sara dalla-dalla, maganar ƙafa ma kaɗan ce ƙwarai, ga rigunan nan sun rufe gwiwa ta yadda sau da yawa bazaka iya rantsewa wace ƙafa ce a gaba ba, ga shi masu zanen wancan zamanin basa nuna zurfi, wanda ya kauce gefe da wanda ya tsaya a miƙe duk iri ɗaya zaka gansu a takarda. Sannan hoto ai daskararre ne, yana nuna maka inda aka fara da inda aka ƙare, abin da ya faru a tsakani, wanda shi ne faɗan, kai zaka nemo shi da jikinka.

Abin da littafin yake son ka gane

In ka cire ruɗanin hotunan, tsarin a fili yake. Ya fara da tsayuwa 7, ya ce duk mai riƙe takobi, har wanda bai taɓa koyo ba, a cikin waɗannan yake yawo: takobi a ƙarƙashin hammatar hagu, a kafaɗar dama, a kafaɗar hagu, a saman kai, a gefen dama can baya, a ƙirji, sai ta bakwai wadda yake kira langort, wato doguwar miƙa, hannu a miƙe tsinin takobi a gaba. Ya kuma ce zuciyar sana'ar duka tana cikin ta bakwai ɗin nan don kowane sara a nan yake ƙarewa. Wannan maganar na daɗe ina karanta ta kamar ado ce, sai daga baya na gane umarni ne, ma'ana ka kula da abin da zaka yi bayan saranka ya ƙare fiye da saran kansa. Tsayuwar nan fa ba wurin zama bane, wurin tashi ne, kamar mai gudu da ya durƙusa kafin a busa. In abokin karawarka ya ɗauki ɗaya daga ciki, kai kuma sai ka shigo da abin da littafin ke kira ƙawanya, wato wani riƙo da ke toshe hanyar saran da zai fito daga waccan tsayuwar kuma yana yi masa barazana a lokaci guda. Mafi shahara shi ne halpschilt, rabin garkuwa, hannu biyu a miƙe gaba a haɗe, tsinin takobi yana kallon sama.

Bari in nuna maka darasin farko a kusa don a cikinsa rabin littafin yake. Fada yana tsaye takobi a ƙarƙashin hammata, ɗalibi ya shigo da rabin garkuwa. Littafin ya gargaɗi fadan kada ya kai sara sama don bazai isa ba, kada kuma ya nemi ƙasa don kansa zai bari a buɗe. Abin da zai yi shi ne ya faɗa ƙarƙashin takobi da garkuwar ɗalibin, wato ya miƙo takobinsa ya haɗu da na ɗalibin yana neman hanyar suka. Daga nan hanya ta rabu biyu. In ɗalibin ɗan koyo ne, wanda littafin ke kira gama-garin mai faɗa, zai ga kai a buɗe ya kai sara, shi kuma fada sai ya riga shi da suka yana rufe da garkuwa. In kuma ya iya, zai danne takobin fadan ƙasa, ya tako gaba, ya buga garkuwarsa a kan hannayen fadan biyu ya maƙale su, takobinsa ya samu 'yanci ya hau kai. Wannan bugun garkuwar shi ne schiltslac, kuma a duk lokacin da ya fito daidai zaka ji shi a jikinka, hannayenka biyu sun tafi gefe guda kamar an rufe maka ƙofa, kana ganin takobi yana zuwa babu abin da zaka ɗaga.

To ka lura da abin da ya yanke hukunci a nan. Da zarar ƙarfe ya taɓa ƙarfe, abin da muke cewa ɗauri, sai ka ji a tafin hannunka ko mutumin yana dannawa da ƙarfi, ko ya saki, ko yana shirin zamewa ya gudu gefe, kuma amsar kowanne daban ce, littafin da kansa ya ce mai ɗauri da wanda aka ɗaure abokan gaba ne, wanda aka ɗaure yana gudu gefe kai kuma ka bi shi. Wannan jin babu hoton da zai baka shi, babu bidiyon da zai baka shi, iska kuma bata dannawa. Shi yasa na ce maka abokin yi ne malaminka na gaskiya, hannu ɗaya baya ɗaukar jinka. Ko ƙaninka ne ko abokin ɗakinka a hostal, in dai yana da haƙuri kuma bai ɗauki abin a matsayin gasar nuna ƙarfi ba, ya wadatar.

Kuskuren da kusan kowa ke yi a farko, nima nayi shi wata da watanni, shi ne ɗaukar 'yar garkuwar nan a matsayin abin tare sara, ka ga takobi na zuwa ka bi shi da ita kamar mai korar ƙuda. Tayi ƙanƙanta da wannan aikin, mai wayo zai nuna maka sama ya sare ka a ƙasa. Babban aikinta a I.33 shi ne rufe hannun da ke riƙe da takobi, don hannu shi ne abin da ya fi kusa da abokin gaba kuma shi ake fara samu. Ka sake duba hotunan zaka ga a mafi yawansu wuyan hannayen biyu kusan a manne suke, duk inda takobi ya tafi garkuwa na biye da shi, kuma da yake a miƙe take nesa da jiki sai ta tare fili mai yawa, kamar yadda in ka miƙa tafin hannunka kusa da fitila inuwarsa ke rufe bango. Ni sai da aka fasa min farcen babban yatsa kafin darasin ya zauna, na kai sara daga kafaɗar dama garkuwa ta tsaya a baya da kamar taƙi ɗaya, abokina bai ma yi niyya ba takobinsa ya sauka daidai tsakanin hannayena, da safar hannu da komai amma sai da farcen ya yi baƙi ya fita. Littafin yana da sunan wannan ma, raba takobi da garkuwa, dabara ce da ake nema da gangan. In ka taɓa kallon dambe zaka gane wani ɓangare na abin, yadda ɗan dambe ke miƙa hannun da ba a ɗaure ba yana auna tazara yana tare fuska, sai dai a dambe hannayen biyu aikinsu a rabe yake, a nan kuwa tafiya ɗaya suke yi.

Da wanne zaka fara

A nan ni ra'ayina ya saɓa da na wasu abokaina. Duk da son da nake yi wa I.33, bana ba mai farawa shawarar ya fara da shi shi kaɗai, musamman wanda babu kulob a kusa da shi. Akwai littattafan Bolonya ta Italiya, na Antonio Manciolino da aka buga a 1531 da na Achille Marozzo na 1536, waɗannan da injin ɗab'i aka buga su don a sayar wa jama'a, saboda haka sun yi bayani da baki, kowane sara da sunansa, na dama da na hagu da mai saukowa daga sama da mai tafiya a kwance, kowace tsayuwa da sunanta, kuma suna faɗa maka ƙarara ka taka da ƙafar dama zuwa gefen hagunsa, ka jawo ta hagu a baya. Marozzo yana da dogayen jerin motsi da zaka iya yi kai kaɗai a tsakar gida kamar hadda, kuma su ne suka gyara min ƙafafuna. Sai dai in faɗa maka gaskiya, tsakaninsu da I.33 akwai sama da shekara 200 da kuma tsaunuka, salonsu daban ne, sukan ware hannu fiye da yadda fadan nan ke yi, don haka in ka ɗauko takun Bolonya ka cusa a I.33 ka sani aro kayi, kada ka ce haka fada ya koyar.

Akwai kuma na Andre Lignitzer, Bajamushe, darasi 6 kacal, suna cikin wani kundi na 1452 da ke ajiye a Rum. Gajeru ne, duka zasu shiga shafi ɗaya na littafin rubutunka, babu hoto, kowanne jerin sara ne da suka uku ko huɗu. Na farkon ya ce in ka kawo sara daga sama ka ajiye gindin takobinka a cikin garkuwa wajen babban yatsa, ka soka daga ƙasa zuwa fuska, ka murɗa a jikin takobinsa. Kaga shi ma maganar haɗa hannu ce dai. Matsalarsa ya ɗauka ka san kalmomin makarantar dogon takobi ta Liechtenauer, wani tsohon malamin takobi Bajamushe, in baka sansu ba sai ka nemi bayaninsu tukuna. Hans Talhoffer ma a littafinsa na 1467 yana da 'yan shafuka na takobi da garkuwa masu kyawun zane, sun fi I.33 nuna jiki da ƙafa, amma rubutun layi ɗaya ne a ƙarƙashin hoto, sun fi amfani a matsayin abin dubawa.

Da ni ne kai, wata uku na farko zan ba Manciolino ko Marozzo don sara da taku, ina yi ni kaɗai kullum ko minti 20 ne, a lokaci guda ina neman abokin yi, daga nan mu shiga darasin farko na I.33 mu zauna a kansa har sai ya zama jiki kafin mu buɗe na biyu. Darussan littafin kusan 40 ne amma da yawansu maimaicin na farkon ne daga wata tsayuwar, wanda ya riƙe na farko da kyau sauran zasu zo masa da sauƙi. Duk littattafan nan akwai hotunansu da fassararsu ta Turanci kyauta a shafin intanet na Wiktenauer, fassarar I.33 da aka fi dogara da ita kuma ta Jeffrey Forgeng ce wadda ta fara fitowa a 2003. In kana bincike ka rubuta HEMA, sunan da ake kiran harkar gaba ɗaya kenan.

Yadda nake karanta shafi

Hanyar da na saba, kuma ita nake koya wa sababbi a kulob ɗinmu, na fara karanta rubutun kafin in kalli hoton, don ido yana da saurin yanke hukunci, in ka fara da hoto zaka tilasta wa rubutun ya yarda da abin da ka riga ka zata. Sai in rubuta a littafina da kalmomina wa ya fara motsi, me ya gani da yasa ya motsa, me zai same shi in bai motsa ba. Tambayar ƙarshen nan ita ce ma'auni, duk fassarar da ta sa mutum yin wani motsi alhali babu abin da ke barazana gare shi, akwai abin da muka ɓata. Bayan nan mu tashi mu gwada a hankali ƙwarai, kamar ana tafiya cikin ruwa, sau goma, mu canza matsayi, sannan in ce wa abokina yanzu kada ka taimake ni, in ka ga hanya ka bi. A nan ne yawancin kyawawan fassarori ke rushewa. In ta rushe bana saurin cewa littafin ne yayi ƙarya, mutanen nan da ransu suka gwada abin, na kan duba tazara tukuna don kashi mafi yawa na matsalar daga nan take, ko mun fara kusa da yawa ko nesa da yawa, sai in duba lokaci, wato ko ƙafata ta riga hannuna tafiya. George Silver na Ingila ya yi wannan bayanin a 1599, cewa hannu ya fi jiki sauri jiki kuma ya fi ƙafa, saboda haka makami ne zai fara shiga kafin kai ka biyo shi, in ka fara takowa ka kai kanka inda za a same ka kafin ka kawo wata barazana.

Ka riƙa ɗaukar kanku bidiyo da waya, ka jingina ta a kan bokiti daga gefe daidai yadda hoton littafin yake, sannan ka tsayar da bidiyon ka gwada da shafin. Abin da kake ji kana yi da abin da kake yi a zahiri sun sha bamban, ni na ɗauka hannuna a miƙe yake sai da na ga gwiwar hannuna a lanƙwashe kamar mai riƙe da kofi. Sannan a littafin rubutunka ka ja layi tsakanin abin da marubuci ya faɗa da abin da kai ka cike da tunaninka, ni da jan biro nake rubuta nawa. Bidiyon mutane a intanet yana da amfani amma ka tuna kowannensu fassarar mai shi ce, zaka ga manyan masana biyu sun yi shekaru suna saɓani a kan yadda ake faɗawa ƙarƙashin takobin nan na darasin farko, ko kuma a kan ko sunkuyon da ke cikin hotunan na gaske ne ko salon mai zane ne. Ni ina ganin na gaske ne amma ba sosai kamar yadda aka zana ba, ka tura ƙugu baya bayanka a miƙe, cikinka da cinyarka sun yi nesa da tsininsa, sai dai in na wuce minti goma a haka bayana yana gaya min, kuma bazan ce maka nawa ne daidai ba.

Kaya, da maganar lafiya

Takobin zamanin nan mai hannu ɗaya ne, miƙaƙƙe mai kaifi biyu, nauyinsa kilo 1 ko sama da haka kaɗan, ba nauyin da mutane ke zato ba. In ka taɓa riƙe takobin Abzinawa ko irin wanda ake ratayawa a hawan sallah kaga ɗan uwansa a siffa, miƙaƙƙe da ƙarfen gicciye a gaban mariƙi. Amma ina roƙonka kada ka kusanci abokinka da irin wannan ko da an ce maka ya dakushe, tsininsa kaɗai ya isa. Don farawa ka je wurin kafinta ya fere maka na katako guda biyu, tsawon duka kamar santimita 90, ya saka gicciye, ya zagaye bakin ya goge shi sumul kada ya bar tsini ko sartse. Gicciyen nan kada a manta shi don ɗauri baya yiwuwa daidai da sanda zalla, zamewa take yi ta sauka a yatsu. Garkuwa kuma katako mai kauri a yanka shi da'ira, a huda tsakiya, a ɗaura ƙaramin kwanon ƙarfe a kan hudar da noti, a saka mariƙi a baya, a zagaye bakin da tsohon tiyo na ruwa. Na ga wanda ya fara da murfin tukunya, yana yi na kwana biyu amma marfin baya da ƙoƙo, duk bugun a gaɓoɓin yatsu yake ƙarewa.

Da katako zaku iya yin duk atisayen da na faɗa a hankali, ba tare da kai wa fuska ba, kuna tsayar da suka tun da nisa. Ranar da kuka ce zaku ƙara sauri ko ku kara da gaske, to dole sai da hular raga ta masu wasan takobi, ana rubuta ƙarfin ƙyallen wuyanta 350N ko 1600N, ta biyun ita ake so in za a yi da ƙarfe, sai abin kare maƙogwaro da safar hannu mai tauri. Hular kwano ta babur bata maye gurbinta, gilashin gabanta ba don suka aka yi shi ba kuma wuya a buɗe yake. Salon nan suka zuwa fuska yayi masa yawa, ido kuma ba a sayo shi a kasuwa, don haka in kuɗin hula bai samu ba ku tsaya a kan sannu-sannu, ni shekarata ta farko kusan duka a haka na yi ta kuma ban yi asara ba. Katako ma ka sani baya lanƙwasawa in an soka, duk ƙarfin a jikin mutum yake sauka, shi yasa a kulob muke amfani da na roba ko dakusasshen ƙarfe mai lanƙwasa idan aka zo karawa.

Abu na ƙarshe da ya shafi inda kake. A Jamus in na ɗauko jakar takubba na shiga jirgin ƙasa babu mai kallona, a gida kuwa kasan halin da ake ciki na tsaro, saurayi da abu mai kama da makami a hanya zai iya jawo wa kansa tambayar da baya so ko da na katako ne. Ku yi a cikin gida ko wani fili mai katanga, ku sanar da maigidan ko mai unguwa abin da kuke yi tun kafin wani ya kai masa labari, in a makaranta ne ku nemi izinin masu kula da wasanni, kayan kuma a cikin buhu ko jaka a rufe. Lokacin zafi ku yi da sassafe bayan asuba ko bayan la'asar, don hular nan da rigar kariya suna dafa mutum. In kun samu wata guda kuna darasin farko, ka turo min bidiyon daga gefe, ƙafafunku su fito a ciki, zan duba in gaya maka abin da na gani.